Akusan Kinu da Tankin Jirgi

Bango ɗaya ya raba gidanmu da na Genzo a Hirasawa, saboda haka tarinsa ma na san shi. Mai shafen akushi ne, kamar ubansa da kakansa. Yakan ɗauki akushin katako ya shafe shi da urushi, ƙaron wani itace da ke sa katako sheƙi ya hana ruwa shiga, ya bar shi ya bushe, ya goge, ya sake shafawa. Akushi ɗaya sai ya ci wata uku a hannunsa. Mutum ne mai taurin kai, ba ya dariya sai da dalili, kuma dalilin bai cika zuwa ba.

Yana da 'ya'ya biyu: Masuo, wanda ya shiga sojan sama, da Kinu. Akwai wani ɗan guga na urushi mai kyau da ya ɓoye a ƙarƙashin katakon daɓe. Kowa a layinmu ya san na akusan auren Kinu ne, domin a garinmu amaryar da ta tare babu akusan gidan ubanta ta shiga bakin duniya.

Da yaƙi ya yi tsawo, ƙarfe ya yi wuya. Jirgin yaƙin da Masuo ke tuƙawa an ƙera shi shafal, ko sulken kare matuƙi ba a sa masa ba, don ya yi nisa a kan teku. A ƙarƙashin cikinsa ana rataya wani tankin mai na ƙari. Sai aka koma yin tankin da katako da gora da takarda, aka raba wa masu shafe su toshe shi kada ya yi yoyo. Urushin da aka kawo musu tsararo ne, an tsinka shi har ya gaji.

Genzo ya shinshina shi, ya dubi tankin, ya ɗaga katakon daɓe ya fito da gugan nan.

Ta bango na ji Kinu tana cewa, "Baba, wannan fa nawa ne."

"Naki ne. Yayanki kuma a kan teku yake. In abin nan ya yi yoyo, a akushi za ki tsamo shi?"

"Wa ya ce ma nasa jirgin za a sa wa?"

"Wa ya ce ba nasa ba?"

Ni dai a raina na ce tsohon ya yi daidai, ko da yake tausayin yarinyar ya kama ni. Haka ya riƙa shafa tankunan yana gogewa kamar kayan biki. Mai karɓar kayan soja ya yi ta faɗa a kan jinkiri, Genzo ya yi kunnen uwar shegu da shi. Kafin a daina yaƙi gugan ya ƙare ƙarƙaf.

Masuo ya dawo da ƙafafunsa, a rame. Muna zaune ana shan shayi uban ya tambaye shi, "Tankunan nan, suna riƙe mai?"

"Suna riƙewa mana."

"Na shekara nawa?"

Masuo ya yi dariya, bai san komai ba. "Shekara? Haba Baba! Ai da mun hango abokan gaba sai mu ja wani ƙarfe, tankin ya faɗa teku. Nauyi ne. Wani ma ko rabin mansa ba a sha ba."

Kinu ta tashi ta shiga ciki. Genzo ya ce, "To," ya ci gaba da shan shayinsa.

Da bazara aka yi auren Kinu. Babu urushi a ko'ina a lokacin, sai kwanonin da ake bugawa daga fukafukan jiragen da suka rage, su ne suka cika kasuwa. A cikinsu aka zuba wa baƙi miyar miso, ta waken soya. Akushi ba ya ƙona hannu, shi ya sa muke ɗaga shi zuwa baki. Kwanon jirgi kuwa babu ruwansa. Dangin ango suka riƙa ɗauka suna direwa, suna hura yatsu, suna satar kallon juna. Wata gwaggon ango ta ce, ba a hankali ba, "Ashe gidan mai shafe ne."

Genzo ya ji. Ya sa hannu biyu ya ɗaga nasa kwanon, bai dire ba sai da ya shanye. Washegari na gan shi a bakin rijiya, tafukansa duk sun yi bororo.