Igwar da Baba Ya Ɗauka a Ka

Mahaifina bai bar mana gida ba, bai bar gona ba. Labarin igwa ya bari, ni kuwa na riƙe shi hannu bibbiyu har New York.

Yana cikin samarin zangon Kumasi da Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Bama. A dajin can mota ba ta shiga, sai a kwance igwa gunduwa-gunduwa a ɗora wa mutane a ka. Baba na cikin masu dakon. Har ya rasu wuyansa a ɗan karkace yake, yana kuma alfahari da hakan. In an zauna bayan la'asar sai ya ce, "Igwarmu? A kafa ta nan Kumasi, ta sauke tulu daga kan mace a can Tamale mai nisa, ɗankwalinta bai motsa ba." Mu yi ta dariya, amma a zuci mun yarda.

Ni ma haka na riƙa ba 'yata labarin, har da ɗan ƙarin gishiri. A Tompkinsville, unguwarmu da ke wani tsibiri na New York, aka haife ta, ba ta taɓa ganin kakanta ba. Abin da ta sani game da shi ke nan, kuma ina so ta girma tana ganinsa da girma.

Wata Asabar muka shiga jirgin ruwa za mu tsallaka zuwa Manhattan, daga can mu hau subway, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa unguwar Harlem sayen gari da busasshen kifi. Lokacin tana sakandare, ana koya musu yaƙin duniya. Ruwa kwance, rana ba zafi. Na jingina da ƙarfen jirgi na soma zancen tulu, ita kuwa tana ta latsa waya. Can sai ta juyo mini da fuskar wayar. Hoton wata guntuwar igwa ce mai ƙafa biyu, ga mutanenmu kewaye da ita cikin gajeren wando.

"Baba, irin wannan ce?"

Na ce ita ce, don akwai irin hoton a akwatin Baba.

Ta ɗan karanta, sannan ta ce da Turancinta, "Wannan ba ta da nisa fa. In an harba daga inda muka taso, ba za ta kai Manhattan ba, cikin ruwa za ta faɗi. Kuma sai an yi ta gwadawa kafin a samu abin da ake nema."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce wayar ta je Bama ne? Na ce yaran yanzu ba a ba su labari su bar shi ya zauna lafiya. Ta ƙyale ni, ta san halina, tafasata ba ta daɗewa. Na juya ina kallon gine-ginen Manhattan, ga su nan tar, har tagogi ana gani. Ina ta auna tazarar da ido ina neman inda zan kama ta.

Ita ma can take kallo. Ta ce, "To, shi ya sa suke ɗauka a ka. Dole su kai ta kusa."

Na waiwayo na dube ta.

Ta ci gaba, "In suna iya samun abokan gaba, abokan gaban ma suna iya samunsu. Kaka kuma hannunsa biyu na riƙe da kaya."

Tun ina yaro nake jin labarin nan, ban taɓa hango shi a haka ba. A raina Baba yana can nesa bayan tsauni, yana aika wuta inda ba a ganinsa. Ashe yana cikin taɓo ne, saurayi bai ko yi aure ba, ƙarfe ya danne masa wuya, yana tafiya wajen mutanen da ke jiransa. Tausayinsa ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko ranar da muka kai shi makwanci.

Jirgi ya soma rage gudu, mutane suna tashi.

Ta ce, "Baba, Kaka ya ji tsoro?"

Na ce ban sani ba. Ta ce to wa za mu tambaya? Na bi abokansa na zango ɗaya bayan ɗaya a raina, har muka sauka ban samu mai rai ba.