Albashin da Na Ɗaure a Turke

Shekarar da 'yan bindiga suka kashe mijina a gona na bar ƙauyenmu da ke bayan Yargoje, na shigo Kankara neman aiki. 'Ya ɗaya gare ni, ban daɗe da yaye ta ba. 'Yar fari ce, shi ya sa ba za ku ji sunanta a bakina ba. Wurin innata na bar ta, domin gidan da aka samo mini aikin raino sun ce ba sa son mai ɗa, wai hankalinta rabuwa yake yi. Ban yi gardama ba, mai neman abinci ba shi da bakin gardama da masu gida.

Matar gidan ma'aikaciya ce, Hajiya muke ce mata. Ta gama hutun haihuwa, za ta koma aiki, ga jariri namiji. Muka yi ciniki a tsakar gida: ci da sha, katifa a ɗakin yara, sabulu, atamfa da sallah, da dubu takwas a wata. Babu wanda ya yi maganar lokacin tashi daga aiki, don babu shi. In yaro ya yi kuka, aikina ne, ko ina salla ko loma tana hannuna. Amma zan faɗi gaskiya, Hajiya ba ta taɓa riƙe mini ko sisi ba. Da ta cuce ni ma da na fi samun sauƙi, da na sami wanda zan tsine wa.

Burina ɗaya ne, kuma ba babba ba ne. In tara abin da zan kama ɗaki haya a Kankara, in sayi kaskon tuya, in ɗauko 'yata ta kwana a gefena.

Wata na farko Hajiya ta ce, "Bari in buɗe miki asusu, in riƙa zuba miki kuɗinki a ciki, kina gani a waya."

Na yi dariya na ce, "Hajiya, kuɗin waya haihuwa shikai?"

A wurinmu mace ba ta ajiye kuɗi, akuya take ajiyewa. Kakata da akuya ta aurar da 'ya'yanta, innata da akuya ta yi mini kayan ɗaki. Kuɗin takarda kullum ƙanƙancewa yake yi, akuya kuwa ka ɗaure ɗaya ka wayi gari da uku. Har yau ban ga wautata a wannan lissafi ba. Don haka duk sanda kuɗin ya ɗan taru, yayana ya shigo ranar kasuwa, sai in damƙa masa. Ya sayi 'yar akuya, ya ɗaura ta a babur, ya kai gida ya yi mini kiwo, yana da rabonsa cikin 'ya'yan kamar yadda aka saba.

A bakinsa nake jin labarinsu. Ja ta haifi biyu, mai farin goshi ta yi ɓari, bunsurun ya isa sayarwa. Sai ya gama da awaki yake cewa, "Ɗiyarki ma lahiya lau." Nakan koma ciki ina goye da ɗan mutane ina murna ni kaɗai, ina ganin ƙofar ɗakin hayata kamar na riga na sa mata labule.

Yaron kuwa ya shiga raina ba da izinina ba. A bayana ya yi haƙori, a hannuna ya fara tafiya, kuma da bakinsa ya buɗe ni ya fara kira Inna. Ina son sa, ina kuma jin haushin son da nake yi masa, domin na san na wata ne nake ba shi. Hanyar ƙauye ta lalace da tare mutane, zuwana gida ya koma daga sallah sai sallah, wata sallar ma a ce kada in zo. In na je da kayan da suka yi wa yaron kaɗan, 'yata ta karɓa da hannu biyu ta koma bayan innata ta laɓe.

Kakar shekara ta huɗu, lokacin da nake cewa bana kam zan sayar da awakin in kama ɗakin, yayana ya zo ba ranar kasuwa ba. Na same shi tsugune a zaure, ya ƙi haɗa ido da ni.

"Mutanen daji sun aza muna kuɗi," ya ce. "In ba a biya ba, ba mai yanke dawa, kuma sun ce za su shigo. Mai unguwa ya raba ma kowane gida nashi."

"To?"

"Shanu kin san an kwashe tun bara. Bisashenki kaɗai suka rage ga turke, su na saida na biya."

"Duka?"

"Duka. Har na rabona."

Wa zan zaga? Me zan ce? A gidanmu na ƙauye 'yata take kwana. Da ya bar mini awakina, da ita za a je a tarar. Ashe duk goyon da na yi, duk kashin da na wanke, tarawa nake yi wa waɗanda suka kashe ubanta. Wannan tunanin ne ya fi asarar cin raina, kuma har yau bai sake ni ba.

Ba a jima ba aka sa yaron makaranta, aka kuma yi wa Hajiya canjin wurin aiki. Raino ya ƙare. Ta sallame ni da mutunci, turmin atamfa da kuɗin mota da ɗan abin da ta ƙara a kai. Yaron ya riƙe zanena yana kuka, aka ɓamɓare shi da alawa.

Na isa gida da rana tsaka. Turakun suna nan a jere, har da guntun igiya a jikin ɗaya. Innata ta ce wa 'yata ta zo ta gaishe ni. Ta zo, ta yi tsayi, ta durƙusa daga nesa yadda ake yi wa baƙi. Ta kawo mini ruwa a moɗa, ta tsaya tana kallona har na sha.

Sannan ta ce, "Ina kika baro ɗanki?"

Na ce, "Yana makaranta."

"Yaushe za ki koma wurinshi?"

Ba ta yi kuskure ba, domin gidan babu abin da zai ciyar da ƙarin baki. Kafin sati ya zagayo an samo mini wani gidan a Faskari. Su ma jariri gare su, su ma sun ce ba sa son mai ɗa. Na ce musu ba ni da shi.