Malam Bukar, wanda kullum yake bayan yaranmu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar yau labarin ya iske ni, kuma a bidiyo ya iske ni, a guruf ɗin unguwa.

Malam Bukar mai koya wa yara tseren keke ya rasu. Tifa ce ta buge shi a Baga Road, kusa da Kasuwar Kifi.

Duk Asabar da Lahadi bayan sallar asuba yake fita da yaran, har da ɗiyata Yagana. Idan sun dawo sai ya turo min saƙo: "Mun dawo lafiya." Yau tun ƙarfe takwas wayar tana hannuna ina jira. Da ta yi ƙara na buɗe da sauri, sai na ga Malam kwance a gefen kwalta, mutane sun zagaye shi kowa ya ɗaga waya. Wanda ya ɗauki bidiyon ana jin muryarsa yana dariya yana cewa, "Tsoho da matsattsen wando, ina za ka?"

Yana numfashi a lokacin. Yagana ta ce yana numfashi.

Ta ce su yaran ne suke tare Napep suna kuka, guda huɗu suka wuce, wani ya ce jini zai ɓata masa kujera. Wata mata mai sayar da busasshen kifi ce ta cire mayafinta ta rufe shi daga idon masu waya. Allah ya saka mata. Kafin a samu mai ɗaukarsa, wani ya tura kekensa ya shige kasuwa da shi.

Mutum yana kwance cikin jini, kai kuma kekensa ka gani. Tir.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Ranar da Yagana ta fara cewa tana son shiga, har shagonsa na Ajilari na je, inda yake facin taya. Na ce, "Malam, ɗiya mace ce fa. Keken zuwa makaranta ya ishe ta. Ku maza ba ku san zafin haihuwa ba." Bai ji haushi ba. Ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Maman Yagana, zo ki gani ranar Lahadi, idan bai miki ba ki tafi da abarki."

Na je. Na ga yadda yake jera su, manya a gaba, ƙanana a tsakiya, shi kuma can baya shi kaɗai, da riga mai ƙyalli da usur a baki. Na ce ai malami gaba yake shiga. Ya ce, "Na gaba yana ganin abin da ke zuwa. Na baya ne ba ya gani. To ni ne a baya."

Hular kwanon da Yagana take sakawa tasa ce. Ya cusa soso a ciki don ta zauna mata a kan hijabi.

Da farko saƙon murya yake turo min, don ban iya karatun boko ba. Da ya ji na shiga ajin yaƙi da jahilci, sai ya daina. Na kira shi na ce Malam me ya faru? Ya ce, "Ɗaliba ba a yi mata murya. Karanta." Kalmomi uku ne, na fi minti goma ina haɗa su. Saƙon farko ke nan da na karanta da kaina a duniya, ban kira kowa ya taya ni ba.

Shekaranjiya Juma'a na gan shi na ƙarshe. Na je ne in ce na cire Yagana, don ya sa sunanta a gasar da za a yi a wata jiha, ni kuma tun da na ji hankalina ya ƙi kwanciya. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya sarkin tsoro. Yarinyar nan ta fi mazan ƙafa. Ki bar min ita. Duk abin da zai zo daga baya, ni zai fara samu."

Yau tayarta ce ta rage iska, ta koma ƙarshen layi. Shi ne a bayanta. Ta ce ta ji usur, ta ji ya yi ihu, "Yagana, gefe!" Ta faɗa cikin yashi. Gwiwarta kawai ta kurje.

An yi jana'izarsa bayan azahar a Abbaganaram. Yanzu ina ganin wasu suna sa hotonsa suna rubuta "gwarzonmu". Cikinsu akwai wanda ya sa fuskar dariya a ƙarƙashin bidiyon da safe. Na iya karatu yanzu, na ga sunanka.

Na ɗaure keken Yagana da sarƙa, makullin yana bakin zanina. Ba ta yi min gardama ba. Cewa kawai ta yi, "Mama, Malam ya riga ya rubuta sunana. Wa zai tsaya mana a baya?"

Ina tsoro, kuma ba na so in zama wadda ta kashe abin da ya mutu yana tsarewa. Don haka ga maganata: idan a cikin mazan garin nan akwai wanda zai iya sa wayarsa a aljihu, ya sa rigar nan mai ƙyalli ya bi bayan yara, ya zo Ajilari ya same ni. Ranar zan kwance makullin da hannuna.

Wanda yake da bidiyon, don Allah ya goge, matarsa da 'ya'yansa suna da waya. Wanda ya ɗauki keken, ka mayar wa marayu.

Ya Allah ka gafarta wa Malam Bukar, ka haskaka kabarinsa, ka tsare bayan iyalansa yadda ya tsare bayan yaranmu. Duk wanda ya karanta, kada ya wuce bai yi masa addu'a ba.