Ƙaramin Sikelin Baba

Bayan sadakar arba'in ɗin Baba, da malamai suka gama raba abin da yake na rabo, sai aka zo kan tarkacen rumfarsa ta kasuwar Karshi. Buhuna ne da tabarmi da babban sikeli da wata tsohuwar rediyo. Ina zaune gefe, har babban yayanmu ya waiwayo ya ce, "Ke fa? Kin yi shiru kamar baƙuwa." Na ce a ba ni ƙaramin sikelin nan mai fuskar agogo, wanda gilashinsa ya tsage. Matar yayana ta yi dariya, ta ce ko ni ma zan fara sayen riɗi ne. Na naɗe shi cikin mayafina na taho gida Orozo da shi a cinya.

Baba mutumin Zariya ne. Tun yana saurayi ya zo Karshi, lokacin da ya ce in ka tsaya bakin kasuwa kana iya ƙirga gidajen kwano da yatsun hannu. Sana'arsa sayen riɗi da waken suya daga manoman ƙauyuka. Babban sikeli na masu buhu ne. Ƙaramin kuwa na mata ne masu kawo kaɗan a kwarya ko a ƙullin zani. Yana rataye a jikin azarar rumfa, da ƙugiya a ƙasansa.

Ni ban yi nisa a boko ba, a aji huɗu na tsaya. Amma na girma ina kallon hannun Baba, kuma abin da na gani ban manta ba. Ba ya taɓa auna kaya sai ya fara rataya buhun da babu komai a ciki, ya nuna wa mai kaya inda allura ta tsaya, don kada a lissafa nauyin buhu a kan kowa. Sannan ya naɗe hannun riga ya cusa hannu har gindin buhu. In an zuba yashi a ƙasa zai ji. In an yayyafa ruwa don kaya ya yi nauyi zai ji. Kuma ban taɓa jin ya ɗaga murya ya kunyata mutum ba. Sai dai ya shimfiɗa tabarma ya ce, "Ɗan'uwa, mu sake awo."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake cewa.

'Yata ta fari bakwaini ce. A wata bakwai ta zo, a asibiti a Gwagwalada, aka sa ta a kwalba. Na yi makonni ina leƙen ta ta gilashi, ƙafarta kamar yatsana, fatarta ja sol. Tun daga nan tsoro ya shige ni, har yau bai gama fita ba. In ta yi barci da yawa sai na sa yatsa a hancinta. In ta yi kuka na ce ciwo ne, in ba ta yi ba na ce ciwon ya fi ƙarfin kuka. Mijina birkila ne, aiki ya kai shi wani gini can cikin gari, sai ƙarshen mako yake dawowa. Inna kuma ta rasu tun kafin aurena. Baba ne ya rage mini.

Da aka sallame mu, ma'aikaciyar jinya ta ce a riƙa lura da nauyinta, in ya tsaya ko ya ragu a dawo da ita maza. Na faɗa wa Baba ina hawaye, na ce ni ina zan gane nauyi ya ragu. Ya ce, "Uwata, shekara nawa ina awo? Kawo mini amaryata duk ranar kasuwa."

Haka muka fara. Kowace ranar kasuwa zan hau keke napep daga Orozo zuwa Karshi da ita a ƙirji. Baba ya ware wani farin zani musamman, ba ya bari ya taɓa riɗi. Zai rataya zanin shi kaɗai tukuna, kamar yadda yake wa buhu. Sai ya kwantar da ita a ciki ya ɗaure bakin, ya yi bismillah ya saƙala a ƙugiya, hannunsa ɗaya a ƙasa bai taɓa ta ba, bai kuma yi nisa ba. In allura ta tsaya sai ya ɗauki gawayi ya rubuta lambar a jikin bangon rumfa, ƙasa da ta makon jiya.

Matan da ke jiran awo sukan taru suna kallo. Akwai wata tsohuwa manomiya daga ƙauye, mai ɗauko kayanta a kafaɗa, ita ce ta fi kowa tsokana. Takan ce, "Malam, wannan riɗi nawa ne kilo? Ni zan saya."

Baba ya ce, "Ba ki da kuɗinsa, Mama. Wannan na ajiya ne."

Mako biyar allura tana hawa, layi ɗaya, layi biyu. A na shida ta tsaya inda take. Baba ya ce in ƙara ba ta nono, mu gani. A na bakwai ma haka. Ya rubuta lambar, ya daɗe yana kallon bangon, ya ce, "In mako mai zuwa bai motsa ba, za mu koma Gwagwalada."

Wannan maganar ce ta hana ni sukuni. Da na rufe ido sai in ga kwalbar nan da wayoyi. Ni na san yarinyar ba ta kama nono kamar da, tana ja sau biyu ta saki, ta yi lamo. Na sani sarai. Amma sai na riƙa gaya wa kaina zafi ne ya sa.

Abin da na yi ranar kasuwar da ta zagayo, ban taɓa faɗa wa mijina ba sai bayan rasuwar Baba. Na sa mata shimi biyu, na ɗora rigar sanyi, da hula da safa. Na bar mata nafkin ɗin da ta jiƙa ban canza ba. Na ninka wani tawul na naɗe ta da shi daga ciki. Ban tsaya na ce wa kaina yaudara zan yi ba, wallahi. Ni dai in ga allurar nan ta hau, ko zuciyata ta huta kwana bakwai.

Lokacin zafi ne, ana gab da faɗuwar damina, ko tsuntsu ba ya son tashi. Rumfa cike da mutane. Baba ya karɓe ta, na ga ya ɗan jinjina ta a hannu. Ya sa ta a zani ya rataya. Allura ta wuce lambar makon jiya da layi uku. Na ce, "Baba ka gani! Ta hau!"

Bai ɗauki gawayi ba. Ya dube ni ya ce, "Uwata, sanyi ake yi yau a Orozo?"

Na sunkuyar da kai.

"Ko amaryar tawa ce ta yi yaji, ta kwaso lefenta duka a jiki?"

Matan suka fashe da dariya, sun ɗauka wasan kaka da jika ne kawai. Ni kuwa ƙasa nake so ta tsage. Ya juya musu baya yadda ba za su ga hannunsa ba, ya shimfiɗa tabarma, ya ce a hankali, "Mu sake awo."

Da kansa ya cire mata kayan ɗaya bayan ɗaya, yana ninkewa yana ajiyewa. Da ya zo kan tawul ɗin bai ko kalle ni ba. Ta rage ita kaɗai, haƙarƙarinta a waje ana iya ƙirgawa. Ya rataya. Allura ta tsaya ƙasa da ta makon jiya da layi biyu.

Ya rubuta wannan lambar a bango. Ya yage gefen wani kwali ya kwafe lambobin gaba ɗaya daga sama har ƙasa, ya sa a aljihu. Sannan ya fara jawo leda yana rufe buhuna. Mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi zaman rumfa ranar kasuwa ba. Ya ce wa masu jira su yi haƙuri, yau babu awo. Wani ya fara gunaguni, tsohuwar nan ta daka masa tsawa, ta ce wa Baba, "Tafi, Malam, tafi. Riɗi ba zai gudu ba. Yarinya ne gaba."

Daga Karshi zuwa Gwagwalada tafiya ce, sai da muka canza mota uku. Shi ya riƙe ta duk hanyar, ya yi mata inuwa da hannun babbar rigarsa. Muna cikin cunkoson Nyanya na samu bakin magana, na ce, "Baba, ka yi fushi da ni?"

Ya ce, "Mai zuba yashi a riɗi ni yake so ya cuta. Ke kanki kika zuba wa. Da wa zan yi fushi?" Can kuma ya ƙara da cewa, "Tsoro ba laifi ba ne, Uwata. Amma in ya zo, ki kawo mini shi yadda yake, kada ki sa masa riga."

A asibiti ya miƙa wa ma'aikaciyar jinya kwalin nan. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Baba, a wane asibiti kuke yin awo?" Ya ce, "Asibitin riɗi, 'yata." Da suka ɗora ta a nasu sikelin, lambarsu da ta Baba kusan ɗaya. Likita ya ce ciwo ne ya shige ta a ɓoye, ya kashe mata ƙarfin tsotso, kuma gara da ba mu ƙara jira ba. Kwana tara muka yi. Suka koya mini tatsar nono in ba ta da ɗan kofi, da ɗaure ta a ƙirjina fata da fata. Baba yana zuwa kwana biyu-biyu da fura a jarka, ya zauna a benci a waje yana jan carbi.

Bayan mun dawo, nauyinta ya riƙa ƙaruwa, jerin lambobin ya ci gaba da gangarowa ƙasan bango, har sai da Baba ya riƙa durƙusawa kafin ya rubuta. Ta yi kumatu. Ta fara rarrafe cikin buhuna tana cusa riɗi a baki. Ta fara tafiya tana kama ƙafar wandonsa.

Awo na ƙarshe, ta haura shekara biyu. Shi kuma ciwon da ya tafi da shi ya riga ya fara cin sa, wuyansa ya zama siriri cikin riga. Ya sa ta a zani tana ƙyalƙyala dariya, ya yunƙura zai ɗaga ta zuwa ƙugiya, ya kasa. Ya sake gwadawa, ya kasa. Na matso zan kama masa, ya girgiza kai. Ya zauna a kan buhu yana haki yana dariya, ya ce, "Alhamdu lillahi. Kaya ya fi ƙarfin mai awo. An sallame ku, Uwata." Ranar bai rubuta komai ba. Bai kai damina ta gaba ba.

Yayana ya yi wa rumfar fenti, amma na roƙe shi ya bar mini gefen da lambobin suke, ya bari. In na je kasuwa nakan tsaya in duba. Lambar ranar da muka sake awo tana can ta sama, ta fi sauran baƙi, don ya danna gawayin da ƙarfi.

Yanzu ina goyon na biyu, namiji, ƙato, ya zo a kan watanninsa. Duk da haka ina sa yatsa a hancinsa in ya yi barci, mijina yana yi mini dariya. Sikelin yana rataye a ƙofar ɗakina. Duk ranar kasuwar Karshi nakan rataya farin zanin shi kaɗai tukuna, sannan in tuɓe yaron tsaf in ɗora shi. Makon jiya allura ba ta motsa ba, amma abin da na gani shi na rubuta. Yau ta hau layi biyu. Yayarsa tana tsaye tana tsalle, tana cewa ita ma a auna ta, na ce mata ai kakanta ya riga ya sallame ta.

Allah Ka jiƙan Baba, Ka nauyaya masa mizaninsa ranar da za a yi awon da ba a sakewa.