Mushe Habu ya tafi da mabuɗin akwatinmu

Da safen nan ina tsugune ina shan koko aka kira ni, wai Mushe Habu ya rasu a asibiti a Damagaram.

Daga Allah muke, wurinsa za mu koma.

Ga wanda bai san shi ba, malamin lakkwal ne, wato makarantar boko, a Ollelewa, shi ya sa muke ce masa Mushe, yadda ake kiran malami da Faransanci. Ni kuwa kun san ni. Aji huɗu na yi aka ce in koma gona, gonar ma ba ta yi murnar ganina ba.

Shekara uku ke nan da babban ɗana Mutari ya hau arewa neman aiki. Yau lambar Aljeriya, gobe ta Libiya, jibi an ƙwace wayar. Mushe ne ya buɗe mini akwatin imel, ya ce adireshi ba ya canzawa, duk inda Mutari ya samu shagon intanet zai iya rubutowa.

Ranar kasuwa yakan zo Tanut ya karanta mana. In Mutari ya rubuto layi biyu, Mushe sai ya karanta wa uwarsa layi goma. Na sani. Ban taɓa tona shi ba.

Wata bakwai ke nan ba mu ga ko layi biyun ba.

Da ciwo ya fara hana shi zuwa, sai ya ba ni tsohuwar kwamfutarsa. Ya sa manhajar karanta saƙo ta gwaji, irin wadda ake ba mutum ya ɗanɗana kafin ya saya, ya saita komai. Dannawa ɗaya ce aikina. Kalmar sirrin kuwa ya hana ni, ya ce da irin bakina kafin la'asar duk majalisar mai shayi ta haddace ta. Bai yi ƙarya ba.

Kwanakin gwaji suka ƙare. Na sayar da akuya, aka sayo mini lisans, wata doguwar lamba. Mushe ya yi mini bayani a waya: in zuba lambar a kan manhajar da ke ciki, kada in cire komai, saitin zai zauna yadda yake. Na ce na gane.

Ban gane ba.

Mu a Damargu ba a zuba sabon hatsi sai an share rumbu. Sai na share tsohuwar manhajar tas. Sau biyu na'urar tana tambayata da Faransanci ko na tabbata, ina danna "wi" kamar mai digiri. Da aka sa sabuwa, ta buɗe wayam, ba wasiƙa ko ɗaya, tana neman kalmar sirri.

Ganinmu na ƙarshe a tashar Tanut ne. Yana cikin motar Damagaram, ya rame har hular ta yi masa yawa. Ni kuma na je sallama da kwamfuta a hammata, ko kunya babu. Da na faɗa masa abin da na yi, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Baban Mutari, kai da rumbunka. Wasiƙun suna can, ba su ɓata ba. Kada ka ƙara taɓa komai, in na dawo minti goma ne."

Ban ce ya rubuta mini kalmar ba. Na ji in na nema, kamar na ce masa ba zai dawo ba ne.

Na kai wa masu shagon intanet biyu. Duka sun ce sai da kalmar, ko layin wayar da aka buɗe akwatin da shi. Layin nan tuni ya mutu.

Uwar Mutari ba ta san na share ba. Kullum da safe takan tambaya ko an duba, in ce babu saƙo. Wataƙila akwai. Wataƙila yana can ya rubuto yana jiran amsa, yana cewa mun manta da shi. Yau ma ta tambaya, tana kukan Mushe.

Allah ya jiƙan Habu, ya yalwata masa kabari, ya dubi iyalin da ya bari. Wanda ya karanta, don Allah ya yi masa Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku. In akwai saura a bakinku, ku sa Mutari a ciki, ban san wace irin addu'a zan ce ku yi masa ba, ta masu rai ko ɗayar.