Wace Ƙasa Ce Ta Yi Ka?

Ni karatuna bai wuce aji uku ba, shi ma rabinsa a bakin ƙofa na yi shi, amma in ana zancen ƙasar Sin ku ba ni wuri. Abin da har yau na kasa sani shi ne yadda zan fita daga Makka in ga 'yata Asabe, wadda aka kwashe a kamen marasa takarda zuwa Kano da cikin fari, ga ɗan har ya fara azumi.

Ilmin Sin ɗin a kan rufin gidanmu na unguwar Zahir na same shi, wurin kakata Inna Tabawa, wadda ta zo da ƙafa ta Chadi da Sudan, ta ce in ta huta za ta koma. Bayan magariba takan hura gawayi ta ɗora shayi, sannan ta buɗe wani gwangwanin madara. A ciki akwai 'yan mutum-mutumi uku na yumɓu, kyautar maƙwabciyarta, wata tsohuwa 'yar Sin da ita ma hanyar gida ta rufe mata. Ba mai jin yaren wata, amma da nuni Inna ta gane can kowane gari da irin hannunsa. Mutanen bakin ruwa yaro suke yi mai kumatu, sumul. Na kan tudu damisa, ja da kore, idanu kamar faranti. Wasu kuma baƙin tsuntsu mai ɗigo-ɗigo da rami a wutsiya, in ka busa ya yi kuka. Duk Inna ta kankare musu hanci da wuƙa, kada mala'iku su ƙi shigowa gida.

"Ga ta nan ta iso, ba ta da biza," in ji ta, in za ta fara mana tatsuniya.

Mu ce, "Ta shigo mu ɓoye ta!"

Wai magini ya gama ukun nan, sai ya tattara ragowar laka, har da wadda ta manne a ƙafar fatake, ya murza ya yi na huɗu. Aka kai su kasuwa mai nisa. Da kasuwa ta watse suka kamo hanyar gida, mai gadi ya tare su a ƙofa.

"Kai mai kumatu, wace ƙasa ce ta yi ka?"

"Baƙar ƙasar gonar shinkafa."

"Wuce."

Damisa ta wuce, tsuntsu ya wuce. Na huɗu ya ce, "Ranka ya daɗe, kaina na wani wuri ne, cikina na wani."

"To kai ya wuce, ciki ya jira."

Mu yi ta dariya har shayi ya sarƙe mu. "Inna, sai me?"

"Sai me? Yana nan tsaye. Ku sha abinku kafin ya huce."

Ni a lokacin na ɗauka mai gadin take yi wa ba'a. Ban san labarinmu take faɗa mana a hankali ba, yadda ake ba yaro magani a cikin kunu.

Bara na saka farar tobe irin ta Larabawa, na rufe ɗakina na unguwar Kudai, na tafi ofis neman takardar fita. Ma'aikacin Bahaushe ne, sa'an Asabe.

"Baba, wace ƙasa?"

Na gyara zama. "Ɗana, ta gini ko ta fasfo? Ubana a gefen hanya aka haife shi a Chadi, uwata a Sudan, ni a Zahir."

Bai yi dariya ba. Ya ce in kawo shaida. Na ce shaiduna duk suna kwance a maƙabarta. Ya ce, "Halas, shi ke nan, Baba, sai haƙuri," ya kira na bayana.

Da la'asar Asabe ta bugo. Na ce ta kwantar da hankalinta, akwai ƙasa ɗaya a garin nan da ta karɓi Inna ba ta tambayi iƙamar zama ba, ni ma ba za ta tambaye ni ba. Ta hau salati. Sai na ce ke, wasa nake, ba ni yaron nan in ji ko muryarsa ta buɗe.