Aron Muryar Tokuji

Hirasawa Tokuji, mai gidan wankan unguwarmu a Senju, ya rasu da asubar Lahadi, 21 ga Satumba, ranar da gasar kokawar sumo ta kai tsakiya. Shekarunsa saba'in da huɗu. Matarsa Masae ce ta same shi zaune a gaban murhun tukunyar ruwa, da guntun katako a hannunsa, wutar ba ta riga ta kama ba.

Yau Laraba, kuma har yanzu ba a sanar ba. Gawarka tana kwance a ɗakin sama, Maigida, an jera mata busasshiyar ƙanƙara. A ƙasa mutane suna shiga suna fita da tawul a wuya, hayaƙi yana tashi daga bututu kamar kullum. Wanda ya tambaya sai a ce masa bayanka ne ya riƙe. Shi ya sa nake rubuta wannan da Hausa. A duk unguwar nan babu mai iya karanta shi, ni kuma na gaji da riƙe maganar a ciki.

Shekara ashirin da wani abu ke nan da na fara zuwa ƙofarka. Ina aikin rushe tsofaffin gidaje, ɗakin da nake haya ba shi da wurin wanka. Na leƙa na ga maza tsirara, babba da yaro, na juya zan tafi. Ka bi ni har titi da takalmin katako, ka tambayi dalili. Da guntun yaren da na iya na ce a wurinmu ba a buɗe tsiraici. Ba ka yi dariya ba. Ka ce in riƙa zuwa kafin a buɗe, in yi wankana da gajeren wando ni kaɗai. Ruwan farko, wanda ko kai ba ka taɓa ba. Da ka lura ina neman inda zan yi salla, ka share mini gefen ɗakin murhu, ka shimfiɗa kwali. Ni kuma na riƙa kawo maka katakon gidajen da muka rushe. Kana ɗaga kowane ginshiƙi ka shinshina, ka ce wannan gidan tsohuwa ce ta mutu a cikinsa ita kaɗai, wancan kuwa an yi yara da yawa. Ban taɓa tambayarka yadda kake ganewa ba. Sau da yawa gaskiya ka faɗa.

Sunana Haladu ya gagari harshenka, ka mai da ni Harado, unguwa ta bi ka. Ba zan ce ƙasar nan ta karɓe ni ba. Har gobe kujerar da ke kusa da ni a jirgin ƙasa ita ce ta ƙarshen cika. Amma a gidanka ban taɓa zama baƙo ba, kuma wannan dole in faɗa.

Ba ka da sauƙi. Ba ka yabo. Wanda ya shiga kwamin wanka da kumfa a jiki, ko shekarunsa nawa, sai ya ji kunya a gaban jama'a. Amma idan gasa ta zo, mutane har daga wasu unguwanni suke tahowa saboda sharhinka. Al'adarka ita ce ranar Lahadin tsakiya, da an gama kokawar ƙarshe a talabijin ɗin ɗakin tuɓe kaya, sai ka sauko daga kan doguwar kujerarka ta karɓar kuɗi ka bi 'yan kokawa ɗaya bayan ɗaya. Ba ka damu da wa ya kayar da wa ba. Fata kake kallo. Ka ce shekara hamsin kana ganin bayan mutane, ka san bayan mai lafiya da bayan mai ɓoye ciwo. Kowa ka sa masa suna: Tulu, Katifa, Angon Bana.

A wannan karon ranar Asabar ka sauko.

Ebihara, tsohon direban tasi da ya shekara talatin yana musu da kai, ya ce, "Maigida, kalandarka ta jiƙe ne? Sai gobe ai."

Ka ce, "Abin da za a gani gobe na riga na gani. Kai kuma sa wandonka, ba mai son kallon wannan."

Ka fara da Tulu, wanda bai faɗi ko sau ɗaya ba. Ka ce bayansa ya daina sheƙi, gumi yana tsayawa a kansa maimakon ya gangara, ba zai kai ƙarshen mako ba. Ebihara ya ce hassada ce. Ka ce Katifa yana ɗiban gishirin da suke watsawa kafin karawa da hannun hagu tun ranar Alhamis, a duba kafaɗarsa ta dama. Angon Bana kuwa, ka ce, yana cin nasara amma idonsa yana komawa ƙofa, mutumin da yake son a tashi ne. Ka bi su kaf, har waɗanda ba ka saba kulawa da su ba, kamar mai raba kaya. Jiya Tulu ya janye da ciwon gwiwa. Ebihara ya zo da gudu zai gaya maka, Masae ta ce kana barci.

Mutum ɗaya ne ba ka taɓa yin sharhinsa a gaban jama'a ba, ɗanka Genta. Ya shiga gidan horon 'yan kokawa yana ɗan shekara sha biyar, yanzu talatin da ɗaya, har yau yana rukunin da ke wanke wa manya baya. Bana ne ya hau matakin da idan ya ci huɗu cikin kokawa bakwai, zai shiga sahun manya, ya ɗaura farar ɗamara a wurin atisaye. Idan bai ci ba, ya riga ya gaya wa mai horar da shi zai yanke tukkunsa, ya bar kokawa ya dawo gida. Ranar Asabar ɗin yana da ɗaya, an kayar da shi biyu.

Duk ranar da zai yi kokawa kana rufe bakin murhu ka hau jirgi zuwa Ryogoku, inda zauren kokawar yake, ka zauna can sama. Da rana ake yin tasu, zauren bai cika ba, murya tana kaiwa. Genta ba ya gani sosai idan ya cire tabarau, bai taɓa hango ka ba. Muryarka yake jira. Daidai lokacin da zai durƙusa na ƙarshe sai ka ce, "Genta, sauke ƙugu!" Shi ke nan. Ka tashi ka dawo wurin wutarka.

Na daɗe ina kwaikwayon wannan kiran don a yi dariya, kai kuma kana jifana da tawul. Amma a yammacin Asabar ɗin, bayan ka gama da manya, sai ka juyo ka ce, "Harado, yi mini muryata mu ji."

Na yi. Aka yi dariya. Kai ba ka yi ba.

Ka ce, "Daga ciki, ba daga maƙogwaro ba. Sake."

Na sake. Ka sa na sake har Ebihara ya daina goge kansa. Sannan ka ce, "Ya isa. Sau ɗaya ake yi. Kada ka ƙara masa komai."

Da safiyar Lahadi Masae ta kira ni. Likita ya zo ya tafi ta ƙofar baya. Ta durƙusa a gabana, goshinta a ƙasa, mace mai shekarun yayata. Ta ce ka daɗe da yi mata wasiyya: idan ta same ka a tsakiyar gasa, kada a gaya wa yaro sai an gama gasar. Ta ce haka ake yi, iyaye da yawa sun yi. Idan aka rufe gidan wanka ko na yini ɗaya, labari zai kai gidan horo kafin yamma. Don haka in kunna wuta. Na ɗauke katakon da ya faɗo daga hannunka na kunna da shi. Yinin ranar ina gaban murhu, ban fita ba. Da yamma muka ji Genta ya ci. Biyu da biyu.

Sai ta zo da bukata ta biyu. Ta ce ranar Talata in je in kira shi da muryarka.

Na ce, "Uwargida, a wurinmu wanda ya rasu da asuba kafin azahar yana makwancinsa, kuma ɗansa ne a gaba."

Ta ce, "Na sani, Harado. A wurinmu kuma ga yadda yake."

Abin da ba ta sani ba, kai ka sani. Lokacin da mahaifiyata ta rasu a Illela, 'yan'uwana sun ɓoye mini wata huɗu, wai kada hankalina ya tashi a ƙasar mutane. Duk sanda na buga waya sai a ce ta kwanta, ko ta je biki. Wata huɗu ina aika gaisuwa ga kabari. Ka ga yadda na koma da na ji, kai ne ka bar mini ɗakin murhu na zauna ni kaɗai. Har yau ban gama yafe musu ba, ko da yake na san ba mugunta suka nufa ba. Yanzu ga shi an ce in yi wa ɗan wani abin da aka yi mini, kuma da bakina.

Na je, saboda na gane kai ka roƙa tun ranar Asabar, kuma ba ka taɓa roƙona komai ba.

Kujerarka tana layin ƙarshe. Babu kowa a kusa sai wata tsohuwa da ke cin shinkafarta. Daga can da'irar ƙasar da ake kokawa a ciki kamar faranti take. Aka kira Genta, ya hau, ya buga ƙafa. Bayansa yana sheƙi, Maigida, har daga sama na gani. Da ya zo durƙuson ƙarshe na ja numfashi daga ciki kamar yadda ka koya mini. Abin da ya fito ya tsorata ni. Ba kwaikwayo na ji ba. Har ɗan kakin da ke biyo bayan kiranka ya fito, wanda ban taɓa iyawa ba. Tsohuwar ta juyo ta gaishe ka, sai ta ga ni ne, ta tattara abincinta ta sauka.

Genta ya sauke ƙugu. Ya shiga ƙarƙashin abokin karawarsa ya tura shi har waje. Ni kuma, mutumin Illela, wanda ya tashi a inda ake ɗaga gwani sama idan ya yi kaye, na manta. Da muryarka na ce, "Da kyau, Genta!"

Na so in sulale, amma baƙin mutum ba ya ɓacewa a Ryogoku. A bakin ƙofar da 'yan kokawa ke fita ya same ni, da tabarau a fuska, ƙunshin kayansa a hannu, ƙamshin man gashinsa ya riga shi isowa.

Ya ce, "Kawu, ka yi nisa da gida yau."

Na ce, "Na zo kallo ne."

Ya ce, "Tun da aka haife ni Baba bai taɓa ce mini da kyau ba." Ya gyara tabaransa. "Yaushe?"

Na gaya masa. Na yi niyyar yin ƙarya, harshena ya ƙi.

Ya daɗe yana kallon titi. Wasu 'yan mata suka zo neman hoto, ya tsaya aka ɗauka, har da murmushi. Da suka wuce ya ce, "Kada ka gaya wa Inna na sani. Tana ƙoƙari, a bar ta ta gama ƙoƙarinta. Ranar Alhamis ka dawo ka kira ni. Saura ɗaya."

Na ce to.

Ya ɗan rusuna zai tafi, sai ya juyo. "Amma na ranar Lahadi ya fi kyau, Kawu. Wannan kam ko kaɗan ban gane kai ne ba."

Na tsaya har ya shige tashar jirgi.

Ranar Lahadi ina gaban murhunka tun safe har aka rufe. Masae shaida ce. Na yi ta juya maganar. Wataƙila wani ɗan kallo ne ya yi ihu. Wataƙila kunnen da ya shekara sha shida yana jin abu ɗaya a lokaci ɗaya ba ya bukatar a faɗa masa. Ni Musulmi ne, na san wanda ya tafi ba ya dawowa ya zauna a kujera. Na faɗa wa kaina haka jiya, na sake faɗa yau da nake zuba katako, silin ɗakin da kake kwance yana bisa kaina.

Yanzu ina tsakanin uwa da ɗa, kowanne ya ba ni amanar in ɓoye wa ɗayan. Ta tambaye ni ko ya gane, na ce ya yi kokawa mai kyau. Wannan dai ba ƙarya ba ce.

Maigida, ban san irin addu'ar da mutanenka za su yi maka ba idan an kai ka, kuma ba a kan hanya ɗaya muka tsaya ba. Na bar ka ga Ubangijin da ya halicce ka, wanda ya fi ni sanin ka, kuma ba ya zaluntar kowa ko da ƙwayar zarra. Ina shaida a gabansa cewa ka suturta ni a ƙasar da ban san kowa ba, ka ba ni wurin sa goshina. Allah ya ba Masae haƙuri, ya sauƙaƙa mata nauyin da ta ɗauka ita kaɗai a gidan da ke cike da mutane. Allah ya ba Genta haƙuri da ƙarfin ƙafa, ya sa ya samu yin kukansa a kan lokaci. Ebihara da sauran abokan musu, da za su ji ranar Litinin, Allah ya ba su juriya, su kuma yafe mana. Mu da muka rage, na gida da na nesa, Allah ya kyautata ƙarshenmu, ya sa a gaya wa namu da wuri.

Gobe Alhamis zan rufe bakin murhu in hau jirgi. Zan zauna a kujerar da ke kusa da taka. Idan ya zo durƙuson ƙarshe zan ɗan jira, gwargwadon numfashi ɗaya. In ban ji komai ba, zan kira shi. Sau ɗaya, ba zan ƙara masa komai ba.